Kaka da Goron Sallar Malamai

Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na unguwar Umarari a Maiduguri, Gwaggo ƙanwar Baba tana riƙe da kofin kunun da ba ta kai ga sha ba. Shekara biyu da 'yan watanni tana kwance, ɓarin jikinta na dama a shanye, magana ta ɗauke. Da Baba ya kira ni a waya ina gidana a Kano, bayan mun yi salati, abin da ya fara cewa shi ne, "Ta huta." Ni ma abin da na ce ke nan. Na yi kuka a mota tun daga Potiskum har muka shigo gari, amma kukan kewa ne, ban yi mata baƙin cikin tafiya ba.

Na tarar da tsakar gida cike da tabarmi. Duk wadda ta shigo sai ta yi gaisuwa, ta zauna, ta ce ta huta. Maƙwabciyarmu mai awara ta ce tun da tsohuwa ta kwanta lungun nan ya daina ƙamshi. Ƙanwar Kaka, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, tana dai jan carbi tana kallon kaskon turaren da aka kife a kan katanga. Da la'asar wasu mata uku suka shigo tare, tsofaffin malaman makarantarmu ta firamare. Ɗayarsu 'yar kudancin Borno ce, Kirista, ta yi ritaya tun ina aji huɗu. Ta zauna kusa da Mama ta ce, "Ni ban zauna da Hajiya ya kai sau uku ba. Amma shekara tara ina karɓar saƙonta."

Wannan saƙon nake son in rubuta labarinsa, don yaran gidanmu da ba su san Kaka da bakinta ba su san wace ce aka binne.

Sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, Hausarta ma da nauyin Kanuri take fita, in ranta ya ɓaci kuwa sai ta watsar da Hausar gaba ɗaya. Ko'ina yaro ne ke karɓar goron Sallah, amma a gidanmu yaro ne ke kaiwa. Saura mako ɗaya a ba da hutun Sallah za ta fito da ƙananan kwalaben man shafawa da ta tara, ta wanke su da ruwan zafi, ta jera su a rana. Kowane jika zai zo ya faɗi yawan malamansa. Malama mace, turaren wuta. Malami namiji, shi ma turaren wuta, "ya kai wa matarsa, ita ce ke wanke masa allin da ke rigarsa." Kwalbar ba ta fi tafin hannun yaro ba.

Tana da ƙa'idoji, kuma ba ta sassautawa. Dole yaro ya ƙara wani abu nasa, ko dabino uku ne, ko ƙwai ɗaya, ko hankicin da ya yi wa ado da zare. Dole ya miƙa da hannu biyu, ya yi godiya da bakinsa. Idan jarrabawa ta matso, kwalba ba ta fita sai an raba sakamako, don kada wani ya ce toshiyar baki ce. Malaman da ba Musulmi ba kuma, sai ta tambaye mu, "Yaushe ne Sallarsu?" Ta haka aka riƙa wanke kwalabe a gidanmu har a watan Disamba.

Sau ɗaya tak ta ba mu labarin mafarin abin. Kakanmu direban babbar mota ne, yana yin wata uku a hanyar Chadi. Wata rana ya sa an rubuto mata wasiƙa, ta kai wa wani mai shago ya karanta mata. Mutumin ya karanta da ƙarfi a gaban masu sayayya, yana jan murya a wuraren da miji ke gaya wa matarsa abin da ba na kunnen kowa ba ne. Aka yi ta dariya. Ta ce ta karɓi wasiƙarta ta dawo gida cike da kunya. Bayan 'yan shekaru wata wasiƙar ta zo, Baba yana ɗan shekara tara, ya zauna a bakin gadonta ya karanta mata, daga shi sai ita. Washegari ta kama kazarta ta tafi gidan malaminsa.

"Mutumin da ya rufa mini asiri a cikin ɗakina," in ji ta, "kaza ta yi masa kaɗan."

Ta taɓa saɓawa da Mama a kan wannan al'ada. Ina aji uku akwai wata malama mai zafin hannu, ta zane ni a kan laifin da ba nawa ba har bayana ya tashi. Da Sallah ta zo Mama ta ce 'yarta ba za ta kai wa matar nan ko tsinke ba. Kaka ta ce za a kai. Mama ta ce to ai an saka wa mai duka da alheri ke nan, gobe ma ta ƙara. Da safe Kaka ta yafa mayafinta ta bi ni har makaranta, ta sa na miƙa kwalbar na yi godiya. Sannan ta ce in jira a waje. Ta taga na ji tana cewa, "Wannan na karatun da kika koya mata ne. Dukan kuwa ban zo da ladansa ba, kuma kada a sake." Ba a sake ba. Mama ta yi kwana biyu tana gaishe da Kaka a taƙaice, daga baya ita ce ke tara mata kwalabe.

Akwai kuma abin da ban gane ba sai da na girma. Kullum kwalaben sun fi yawan malamanmu. Yaran lungu da iyayensu ba su da hali sukan biyo ta ƙofarmu ranar da za a ba da hutu, wai sun zo mu tafi tare. Kaka za ta kira yaro gefe, ta danƙa masa kwalba, ta ce, "Ka ce daga gidanku." Ko mu jikokinta ba ta yarda mu gani ba, sai dai mu ji ƙamshi a jakar wani.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda duk ɗan Maiduguri ya san su. Aka rufe makarantu. Aka katse layukan waya. Aka fara bin malaman boko har gida. Ina aji shida a lokacin, shekarata goma sha biyu. Malaminmu na lissafi, wani dogo marar hayaniya da ke haya a unguwar Bulabulin, ya ajiye alli ya koma sayar da albasa da tattasai a faranti. Na taɓa ganinsa a bakin titi ina tare da Mama. Ya kau da kai kamar bai san ni ba, Mama kuma ta mintsine ni kafin in buɗe baki.

Da Babbar Sallah ta matso, Kaka ta fito da kwalba ɗaya ta wanke. Sauran malamanmu duk sun bar gari, shi kaɗai muka san inda yake. Baba ya gan ta a rana ya tsaya.

"Iya, bana babu wannan."

"Bana ne ma ya fi buƙata," in ji ta. "Mutum ya wayi gari yana ɓoye aikinsa kamar ɓarawo, a rasa mai ce masa sannu?"

"Idan aka ga yarinya da kwalbar nan a ƙofarsa, kowa ya san ko shi wane ne. Alherinki zai iya kashe shi."

Ta amsa masa da Kanuri, shi ma ya mayar da Kanuri, muryoyinsu suka ɗaga. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa Kaka murya ba sai ranar. A ƙarshe ya ce bai yarda ba, ya fita.

Washegarin layya, Baba ya tafi rabon nama wajen 'yan uwa. Kaka ta kira ni. Ta sa kwalbar a cikin leda, ta binne ta a ƙasan soyayyen nama a kwano, ta rufe. A ranar kowane yaro a garin yana ɗauke da irin wannan kwanon, ba mai kallonka sau biyu.

"Fero," ta ce, haka take kirana, wato yarinya, "ki yi sallama da matar gidan, ki ce daga Umarari, ki dawo. Ko kin gan shi, ba ki san shi ba. Kada kalmar Malam ta fito daga bakinki."

Na ce to.

A ƙofar gidan akwai maza huɗu ko biyar zaune a benci a inuwar darbejiya. Ina shirin shiga zaure sai ga shi ya ɓullo daga kwana, da farantinsa a kafaɗa, ya rame. Wata bakwai rabona da aji. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Malam! Barka da Sallah, Malam!"

Da ƙarfi na faɗa, irin yadda muke gaishe shi a aji. Mutanen benci suka juyo. Ya tsaya cak, fuskarsa ta zama kamar toka, ya ce, "Wa kike nema, yarinya?" Matarsa ta leƙo, ta fizge ni cikin zaure, ta juye kwanon a nata, ta tura ni waje. Na dawo gida da gudu. Kaka ta tambaye ni ko na kai, na ce na kai.

Bayan kwana huɗu labari ya iso cewa gidan Malam a kulle yake da kwaɗo. Mama ta je da kanta. Maƙwabta suka ce ba su san komai ba. Wata tsohuwa ta ce ta ji tsayuwar mota da asuba, iyakarta ke nan. A waɗancan kwanaki, idan aka ce mota ta tsaya a ƙofar mutum da asuba, ba a ƙara tambaya.

A nan Baba ya ji cewa an aike ni. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka, bai shiga ba, ya ce, "Iya, na faɗa miki. Idan wani abu ya sami mutumin nan, yana wuyanki." Da ya tafi Kaka ta kira ni, ta riƙe hannuna.

"Fero, kin yi yadda na ce?"

"Na yi, Kaka."

Ta gyaɗa kai ta sake ni. Da wannan ƙaryar na bar mata kayan ita kaɗai.

Sau uku ta je Bulabulin da ƙafarta tana tambaya. Babu wanda ya san garin su Malam na asali, babu lambar da za a kira. Da aka buɗe makarantu ta ci gaba da wanke kwalabe wa ƙannena, amma ta daina tsokanar da take mana in tana cikawa. Tsakaninta da Baba ba a sake faɗa ba. Yana gaishe ta safe da yamma, yana kawo mata goro, tana sa masa albarka. Sai dai hirar da suke yi bayan la'asar a kan tabarma ɗaya ta mutu, kuma duk gidan mun lura.

Ni kuwa kowace Sallah sai in ce bana zan faɗa mata. Na gama sakandare ban faɗa ba. Aka yi bikina, ita ta haɗa mini turaren da na tafi da shi Kano, ban faɗa ba. Sai da ciwo ya kwantar da ita, bakinta ya rufe, sannan na zo na zauna a gefen katifarta na ce, "Kaka, ranar nan na kira shi Malam a gaban mutane. Ni ce." Ta daɗe tana kallona. Ta ɗaga hannun hagu ta ɗora a kan gwiwata. Ko ta fahimta, ko dai hannu kawai ta ɗora, ban sani ba. Na san dai na zaɓi lokacin da ba za ta iya yi mini faɗa ba, kuma wannan ma ya dame ni.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun fara raguwa, ƙanena ya shigo ya ce Baba na kirana a zaure. Na tarar da Baba a tsaye, yana dafe da bango. A kan tabarma wani dattijo ne zaune, da furfura da tabarau, ya yi ƙiba kaɗan. Ya ɗago ya dube ni.

"Ke ce mai babbar muryar nan," in ji shi.

Na durƙusa a inda nake.

Malam ne. Ya ce tun mako biyu kafin waccan Sallar suka gama shirin tafiya. Ƙanen matarsa yana da motar ɗaukar kaya, shi ya yi alkawarin kwashe su zuwa Gombe idan an gama layya. Ba su gaya wa kowa ba, don a lokacin ba ka san wa kake gaya wa ba. Ya koyar a can shekara da shekaru, bara ya dawo, yana zaune a Old Maiduguri wajen babban ɗansa.

"Ba ki ga ƙullin kaya a zauren ba ranar?" ya tambaye ni.

Na ce ban ga komai ba sai fuskarsa.

Baba ya ce, "Wace murya ake magana?"

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Yadda Kaka ta gargaɗe ni, yadda na yi, da yadda na ce mata na bi umarninta. Baba ya zauna a hankali a bakin tabarma. Sannan ya ce, "Ni na ɗora mata, ke kika bar mata. Ta tafi da shi ke nan."

"Ba ta tafi da shi ba, Alhaji," in ji Malam. "Ai na zo na gan ta."

Ashe bayan ƙaramar Sallar da ta wuce wani tsohon ɗalibinsa ya gaya masa tsohuwa mai turare tana kwance. Ya hau keke ya zo da hantsi, Baba yana kasuwa, Mama ta raka wata 'yar uwa awo asibiti. Gwaggo ce kaɗai a gida. Ita kuwa a waɗancan shekarun tana aure a Potiskum, ba ta san komai game da maganar ba. Baba ya sa aka kira mana Gwaggo zauren. Ta dube shi ta ce, "Ai kuwa na gane shi. Na ɗauka cikin masu zuwa dubiya ne, suna da yawa."

"Kin tabbata Iya ta gane shi?" in ji Baba.

"Yaya, ta kama hannun rigarsa ta ƙi saki. Sai da na ɓamɓare yatsunta. Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nuna a ƙara. Na yi mamaki, na ce ko sauƙi ne ya zo."

Malam ya ce ya zauna kusa da ita ya ce mata, "Hajiya, ni ne na Bulabulin. Lafiya lau muka tafi, ba abin da ya same mu." Ya ce ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta ɓarin da ke motsi, ta yi ta gyaɗa kai.

Na ce masa ya yafe mini. Bai yi saurin cewa ba komai ba, kuma na ji daɗin hakan.

"Na tsorata ranar," in ji shi. "Kwana huɗun nan ban yi barcin kirki ba. Na ji haushinki, na ji haushin wanda ya aiko ki. Sai da muka isa Gombe matata ta buɗe ledar, muka ga kwalbar. Muna ɗaki ɗaya da yara biyar a gidan mutane, ba mu da komai. Ta kunna kaɗan a murfin gwangwani. Na ce mata, ashe har yanzu akwai gidan da ake lissafa ni a cikin malamai. A wannan satin na fita neman makarantar da za ta ɗauke ni. Da na riga na yanke shawarar albasa zan ci gaba da sayarwa."

Baba ya rufe fuskarsa da hannun riga. Gwaggo ta koma ciki, na ji tana ba ƙanwar Kaka labari da Kanuri, tsohuwar tana cewa Alhamdulillahi, tana maimaitawa.

Malam ya yi wa Kaka addu'a mai tsawo, muka shafa. Ya miƙe yana laluben takalminsa, sai ya juyo gare ni, ya sauke tabarau kan hanci kamar yadda yake yi a aji.

"Bakwai sau takwas?"

Ina share hawaye na ce, "Hamsin da huɗu."

Ya girgiza kai. "Hamsin da shida. Alhaji, ashe turaren nan ban ci halalinsa ba."

Baba ya yi dariya. A zauren gidan makoki, ranar uku ga mahaifiyarsa, ya yi dariya har ya riƙe ciki, hawaye na zuba a gemunsa. Masu zaman gaisuwa a waje suka leƙo suna kallonmu, ba wanda ya iya yi musu bayani. Ya raka Malam har bakin titi, ya tsayar masa da keke, suka daɗe a tsaye riƙe da hannun juna.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ya yafe mata, Ya yafe mana abin da muka ɗora mata. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu ma mu tafi da sauƙin zuciya irin nata.